Kowane kuromosom da unguwarsa

Wani malamin bayoloji da ke koyarwa a wata sakandare a Unguwar Rogo, nan Jos, ya turo min tambaya bayan wani ɗalibinsa ya tsayar da shi ana tsakiyar darasi. Ga abin da ya rubuto: "Malam, a littafi muna nuna wa yara kuromosom 46 a jere, biyu-biyu, kowanne kamar harafin X. Sai wani yaro ya ce, to a cikin jikinmu ma haka suke a jere, ko kuwa a cakuɗe suke kamar taliya a tukunya? Kuma wurin da kowanne yake zaune yana da wani tasiri? Ina son amsar da zan mayar masa."

Malam, Allah ya yi wa yaron nan albarka, kai ma Allah ya saka maka da ba ka kashe masa baki ba. Abin da ya tambaya sai da masana suka shafe kusan shekara ɗari suna ja-in-ja a kansa kafin a samu hujjar da ta raba gardama. Amsar a dunƙule ita ce, a ƙwayar halittar ɗan Adam da ta sauran dabbobi masu shayarwa, kowane kuromosom yana da yankin da ya mamaye a cikin cibiya, kamar unguwa a cikin gari. Akwai waɗanda suka fi zama can tsakiya, akwai waɗanda suka fi zama jikin bango, kuma wannan zaman yana da hannu a wace ƙwayar gado za ta yi aiki, wacce za ta yi shiru.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna, don a Hausa muna kiran abubuwa biyu da suna ɗaya. In na ce ƙwayar halitta, ina nufin ɗan mitsitsin ɗakin nan da aka gina jiki da shi. In na ce ƙwayar gado, ina nufin yankin DNA da ke ɗauke da umarni guda. Cibiya kuwa ita ce nukiliyos, ɗakin da ke cikin ɗaki, inda DNA yake. Shi DNA dogon zare ne da aka rubuta umarnin gado a jikinsa da harufa na sinadari, kuromosom kuma gutsure ɗaya ne na wannan zare.

Hoton littafin nan ba ƙarya ba ne, amma hannun mutum ne ya jera shi. Ana ɗibar jini, a raini fararen ƙwayoyin jini a cikin kwalba na kimanin kwana 3 har su fara rabuwa, sai a zuba wani magani da ke tsayar da su cak a tsakiyar rabuwar. A sa musu ruwa mai ƙarancin gishiri su kumbura, a ɗiga su a kan gilashi su fashe, a rina su, a ɗauki hoto ta maikuroskof. A wannan hoto na asali kuromosom a warwatse suke, wani a gicciye, wani a kife. Da can da almakashi ake yanke kowanne daga takardar hoto, a nemo masa ɗan'uwansa, a manna su daga babba zuwa ƙarami. Yanzu kwamfuta ke wannan aiki. Da irin wannan dabara wasu masana biyu, Tjio da Levan, suka tabbatar a 1956 cewa adadin namu 46 ne, bayan an daɗe ana rubuta 48.

Siffar X ɗin ma ta ɗan lokaci ce. Ƙwayar halittar da ke rabuwa sau ɗaya a yini, abin da take ɗauka a ainihin rabuwar bai fi kamar awa ɗaya ba, kuma a wannan awar kaɗai kuromosom ke ƙanƙancewa ya yi kauri har ya yi wannan siffa. Yawancin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwar babban mutum sun daina rabuwa ma gaba ɗaya, nasu kuromosom ba za su sake yin X ba har ƙarshen rayuwa. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, hoton littafi tamkar kayan amarya ne a bayan a-kori-kura: katifa a naɗe, kwanuka a ɗaure, labule a cikin jaka. Ka ga kayan duka, za ka iya ƙirga su, amma ba ka ga ɗakin ba. Tambayar yaron naka a kan ɗakin take, bayan an gama jere.

Sai ka fara jin girman matsalar kafin ka ji daɗin maganinta. In aka warware DNA na ƙwayar halitta ɗaya tak ta mutum aka haɗa shi baki da baki, tsawonsa ya kai kusan mita 2, da harufa wajen biliyan 6. Faɗin cibiyar da zai zauna a ciki kuwa bai wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita in ta yi girma. Ka ninka komai sau 10,000 don ido ya gani: cibiya ta zama kamar ƙaramin kabejin kasuwar Farin Gada mai faɗin santimita 10, zaren DNA kuma ya zama kilomita 20, daga Terminus a cikin Jos har ya wuce Bukuru, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Wannan zaren ne za a cusa cikin kabejin, a gutsure shi gida 46, kuma a cusa shi ta yadda duk lokacin da ake buƙatar karanta wani wuri a jikinsa za a same shi nan take, sannan ranar rabuwa a zare kowanne ba tare da ya harɗe da wani ya tsinke ba. Duk wanda ya taɓa zuba zaren ɗinkin hula kala-kala a leda ɗaya ya san abin da ke faruwa in babu tsari.

Matakin farko na naɗin shi ne DNA yana zagaye wasu dunƙulen furotin da ake kira histon. Histon 8 ke haɗuwa su yi dunƙule ɗaya, harufan DNA 147 su naɗe shi kusan sau biyu, a bar ɗan tazara, sai dunƙule na gaba. A babban maikuroskof abin kamar carbi yake. Roger Kornberg ne ya bayyana wannan tsari a 1974. DNA da furotin ɗinsa a haɗe su ake kira kuromatin, kuma tun 1928 Emil Heitz ya lura cewa iri biyu ne: akwai matsattse mai shan rini ya yi duhu, akwai sakakke mai haske. Matsattsen galibi ƙwayoyin gadon da ke cikinsa a kulle suke. Sakakken shi ne inda ake aiki. Ka riƙe wannan bambancin, don kusan duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Maganar unguwa kuwa tsohuwa ce. Carl Rabl ya kawo ta a 1885, Theodor Boveri ya ƙarfafa ta a 1909 daga nazarin ƙwan wata tsutsar cikin doki, inda ya ga kuromosom na sake bayyana a wurin da suka ɓace bayan rabuwar da ta gabata. Amma da maikuroskof mai aiki da ilektiron ya zo, aka leƙa cibiya aka ga zaruruwa ne kawai birjik babu wata iyaka a fili, sai mutane da yawa suka koma ga ra'ayin taliya. Yaron naka ba shi kaɗai ya yi wannan zato ba, manyan masana sun yi shi shekaru da dama.

Gwajin da ya karya wannan zato yana burge ni har gobe, saboda sauƙin hikimarsa. Wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Thomas Cremer da Christoph Cremer, ɗaya likita ɗaya masanin fiziks, su suka yi shi a shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Suka ɗauki siririn hasken lesa suka ƙona ɗan ɗigo ɗaya a cikin cibiyar ƙwayar halitta mai rai. Ƙwayar ta shiga gyaran DNA ɗin da ya lalace, su kuma sun riga sun ba ta kayan gyara masu alama, don haka duk inda aka yi faci zai nuna. Suka jira har ta zo rabuwa, kuromosom suka fito fili, suka duba nawa ne ke ɗauke da facin. Ka ɗiga manja ɗigo ɗaya a kan farantin taliya, ka zare silin ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar ya taɓa sili da yawa. Ka ɗiga shi a ƙwaryar da aka jera dunƙulen fura, ɗaya ko biyu kawai zai ɓata. Abin da suka samu irin na fura ne: kuromosom kaɗan ne ke da alamar, kuma a ɗan wuri. Zuwa 1988 aka samu hanyar shafa wa kuromosom guda ɗaya launi mai ƙyalli daga kai har ƙafa alhali yana cikin cibiya. Sai ga shi ƙiri-ƙiri, ɗigo biyu masu launi a cikin duhu, na uwa da na uba, kowanne a dunƙule a wurinsa.

Abu biyu ke ba ɗalibai mamaki in sun ga irin wannan hoto. Na farko, 'yan biyun nan da littafi ya manna kafaɗa da kafaɗa, a cikin cibiya galibi ba ma kusa da juna suke ba. Kuromosom na 7 da ka gada daga mahaifiyarka zai iya zama a gabas, na mahaifinka a yamma. A dabbobi masu shayarwa, inda suke haɗuwa su rungumi juna sosai shi ne lokacin ƙera maniyyi da ƙwan mace, lokacin da suke musayar yankuna. Na biyu, unguwannin ba su da katanga. Kowacce tana da lunguna da ruwa da furotin ke ratsawa, kuma a bakin iyaka zaren wannan yana kutsawa cikin na maƙwabcinsa, kamar yadda a Farin Gada layin 'yan tumatir yake daban da na 'yan albasa amma a inda suka haɗu kwandunan sun shiga juna.

Wa ke zama tsakiya, wa ke zama gefe? Misalin da aka fi kafa hujja da shi daga ɗakin binciken Wendy Bickmore ya fito, a Edinbura, a 1999. Sun kwatanta kuromosom na 18 da na 19 na mutum. Girmansu bai yi nisa da juna ba, na 18 ma ya ɗan fi tsawo. Amma na 19 cike yake maƙil da ƙwayoyin gado, wajen 1,400 masu ba da umarnin furotin, na 18 kuwa bai kai 300 ba. A fararen ƙwayoyin jini sai aka ga na 19 yana can ciki, na 18 yana jikin bango. Haka ƙa'idar take a ƙwayoyin da cibiyarsu take zagayayya: mai yawan aiki ya nufi tsakiya, mai ƙarancin aiki ya jingina da bango. A ƙwayoyin da cibiyarsu take shimfiɗaɗɗa, irin na ƙarƙashin fata, girma ma yana shiga lissafi, ƙanana su fi zama ciki, manya su fi zama waje.

A nan nake so ka yi hattara wajen gaya wa yara, don littattafai masu sauƙaƙawa suna wuce gona da iri. Kuromosom ba shi da lambar gida. Ka duba ƙwayoyi 100 iri ɗaya daga mutum ɗaya, ba za ka samu biyu da taswirarsu ta zama ɗaya sak ba. Abin da ake da shi rinjaye ne: a mafi yawansu na 19 yana ciki, a wasu kaɗan ya matso gefe. Kuma tsarin hanta daban yake da na jini, na jini daban da na ƙwaƙwalwa, duk da DNA ɗaya ne a cikinsu. Da zarar ƙwaya ta gama rabuwa kowa ya sauke kayansa, to kusan a nan zai zauna, sai ɗan motsi na kai-kawo a wuri ɗaya, har wata rabuwar ta zo a sake lale.

Bangon kansa ba banza yake ba. Daga ciki an shafe shi da wata raga ta furotin mai suna lamin, kuma matsattsen kuromatin a jikinta yake manne. A 2008 ɗakin binciken Bas van Steensel a Amsterdam ya zana taswirar yankunan da ke taɓa wannan raga a ƙwayar mutum, aka samu fiye da 1,000, waɗanda a haɗe suka haura kashi ɗaya cikin uku na DNA ɗinmu, kuma yawancin ƙwayoyin gadon da ke cikinsu a kashe suke. In ragar ta samu matsala, jiki na ji. Akwai wata cuta da ba a cika gani ba, furojeriya, wadda ke sa yaro ƙarami ya tsufa tun yana yaro. A 2003 aka gano cewa kuskure ne a ƙwayar gadon lamin, kuma cibiyoyin waɗannan yara a lanƙwashe suke, matsattsen kuromatin ɗinsu ya saki bango.

Wuri na biyu da ke tara jama'a shi ne wani dunƙule a cikin cibiya mai suna nukiliyolos, masana'antar da ke ƙera ribosom, wato 'yan injinan da ke haɗa furotin. Kuromosom biyar ne a mutum ke ɗauke da umarnin wannan aiki a gajerun hannayensu: 13, 14, 15, 21 da 22. Dole suke turo hannayen nan wuri guda, sai suka zama maƙwabtan dole. Su ne kuma aka fi samu sun manne da juna biyu sun zama ɗaya. Mutum zai iya rayuwa lafiya lau da 14 da 21 a manne, yana da kuromosom 45, amma wajen haihuwa zai iya ba ɗa 21 fiye da ƙima, a samu yaro mai lalurar Down. Kashi kaɗan ne na masu lalurar ke samun ta ta wannan hanya, sai dai ita ce irin da ke iya maimaituwa a gida ɗaya, shi ya sa likita kan nemi a duba kuromosom na iyaye.

Misalin da za ka iya nuna wa yara a tsakar gida kuwa kyanwa ce. A 1949, a Kanada, Murray Barr da Ewart Bertram suna duba ƙwayoyin jijiyar kyanwa sai suka ga wani ɗigo mai duhu a cibiyar mata wanda babu shi a ta maza. A 1961 Mary Lyon a Ingila ta kawo bayanin: mace tana da kuromosom ɗin jinsi mai suna X guda biyu, namiji ɗaya, don haka tun tana 'yar tayi kowace ƙwaya take zaɓar X ɗaya ta kulle mafi yawansa, ta dunƙule shi ta ajiye, galibi a jikin bango ko gefen nukiliyolos. Shi ne ɗigon nan mai duhu, ɗigon Barr. Zaɓin na kan-mai-uwa-da-wabi ne, amma duk ƙwayoyin da suka fito daga waccan ƙwaya za su riƙe shi. A kyanwa, umarnin launin ja ko baƙi a kan X yake. Inda aka kulle X mai ja, gashi ya fito baƙi. Inda aka kulle mai baƙi, ya fito ja. Shi ya sa kyanwa mai dabbare-dabbaren ja da baƙi kusan kullum mace ce. Kuromosom biyu iri ɗaya, a cibiya ɗaya, ɗaya a buɗe ana karanta shi, ɗaya a naɗe a lungu, kuma sakamakon yana kwance a bayan kyanwa kowa na gani.

Daga nan sai mu shiga cikin unguwar, inda ilimin ya fi yin gudu a 'yan shekarun nan. Maikuroskof yana nuna wuri biyu ko uku a lokaci ɗaya. A 2002 Job Dekker ya fito da wata hanya dabam, aka faɗaɗa ta a 2009 ta zama abin da ake kira Hi-C. Ana zuba wa ƙwayoyi fomalin, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji suka sani sarai, ya ƙame komai a inda yake. A daddatsa DNA, a liƙe bakin kowane guntu da wanda ke kusa da shi, sannan a karanta harufan a ga wa aka liƙa da wa. In guntun da ke farkon kuromosom ya yawaita fitowa manne da wanda ke can nesa a jikin zaren, an san a cikin cibiya kafaɗarsu na gogar juna. Abin da ya fara fitowa shi ne zaren kowane kuromosom ya kasu kashi-kashi, wasu na rukunin A masu aiki, wasu na rukunin B masu shiru, kuma kowane rukuni nasa yake nema. Yankin A zai tsallake B da ke maƙale da shi ya je ya taɓa wani A mai nisa. Sakakke da matsattsen da Heitz ya gani ke nan, aka sake gano su da ƙirga.

A 2012 aka ga wani mataki a ƙasa da wannan. Zaren ya rabu gida-gida, kowane gida harufa dubu ɗaruruwa zuwa kamar miliyan ɗaya, kuma 'yan gida ɗaya sun fi cuɗanya da juna fiye da 'yan gidan da ke maƙwabtaka. Ana kiran su TAD. Mai gina su wani furotin ne mai siffar zobe, kohesin. Ka ɗauki igiyar guga, ka lanƙwasa ta, ka tura lanƙwasar cikin zobe, ka yi ta ja: madauki zai yi ta girma, kuma wurare biyu na igiyar da da suke nesa da juna za su zo su haɗu a bakin zoben. Haka kohesin ke yi wa DNA, yana ja har sai ya ci karo da wani furotin mai suna CTCF da ke zaune a kan zaren kamar ƙulli, daga dama da hagu, sai ya tsaya. A 2014 aka ƙirga irin waɗannan madaukai kusan 10,000 a ƙwayar mutum, a 2019 kuma aka ɗauki hoton kohesin yana wannan ja a kan gilashi.

Amfanin madaukin yana bayyana ne in ka san cewa makunnin ƙwayar gado, wato yankin DNA da ke kunna ta, ba lallai ya kasance a gefenta ba. Akwai wata mai suna SHH da ke tsara yatsu a hannun ɗan tayi. Makunninta na hannu yana nesa da ita da harufa kusan miliyan ɗaya, a cikin jikin wata ƙwayar gadon dabam ma. Sai zaren ya lanƙwaso suke haɗuwa. Canjin harafi ɗaya a wannan makunni yana sa a haifi yaro da ƙarin yatsa ta ɓangaren babban yatsa. Kada a haɗa shi da cindon da muka fi gani a nan, wanda ke fitowa gefen ƙaramin yatsa, wannan sanadinsa daban. A 2015 kuma wasu masana a birnin Balin na Jamus suka nuna cewa in iyakar da ke tsakanin gida biyu ta goge, makunnin wannan gida yana iya kunna ƙwayar gadon maƙwabta, a samu nakasar yatsu alhali ita ƙwayar gadon lafiyarta ƙalau.

Ni a ganina, duk da haka, an ɗan zuzuta TAD fiye da ƙima a wasu rubuce-rubuce. A 2017 an cire kohesin daga ƙwayoyin mutum a ɗakin gwaji. Cikin 'yan awanni madaukai suka ɓace, amma rabuwar A da B ta tsaya daram, kuma ƙwayoyin gado kaɗan ne aikinsu ya canja sosai a wannan ɗan lokaci. Waɗanda suka fi dogara da madauki su ne masu makunni a nesa, irin na gina jikin ɗan tayi. Ga sauran da yawa, makunninsu na kusa ya ishe su.

Inda maganar ta fi taɓa mu a ƙasar nan shi ne sikila. Ƙwayoyin gadon da ke ƙera wani ɓangare na himogulobin, furotin ɗin jan jini mai ɗaukar iska, a jere suke a kan kuromosom na 11: na tayi a gaba, na manya a baya, da babban makunni ɗaya can sama da su. Makunnin yana lanƙwasowa ya taɓa wanda lokacinsa ya yi. A cikin mahaifa na tayi yake taɓawa, bayan haihuwa sannu a hankali ya koma kan na manya. Kuskuren sikila a jikin na manya yake, shi ya sa jariri mai SS yakan yi watannin farko lafiya, sai wajen wata 5 zuwa 6 alamu su fara, lokacin da himogulobin na tayi ya ja baya. A 2014 ɗakin binciken Gerd Blobel a Filadelfiya ya tilasta wa makunnin ya koma ya taɓa na tayi a ƙwayoyin jinin manya, sai ga himogulobin na tayi ya dawo da yawa. Ba a canja harafi ko ɗaya a ƙwayar gadon ba, lanƙwasar zaren kawai aka juya. Maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ta wata ƙofa ya bi zuwa ɗaki ɗaya: yana lalata makunnin wata ƙwayar gado mai suna BCL11A a kan kuromosom na 2, wadda ita ce ke kashe himogulobin na tayi. Tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowane gida a nan, kuma gwajin jini kafin aure shi ne abin da ke hannunmu yau, amma ina so ɗalibanmu su san cewa tambayar "ina zaren ya lanƙwasa" ta kai har gadon asibiti.

Haka maƙwabtaka take da hannu a wasu cututtukan daji. DNA yana tsinkewa lokaci-lokaci, ƙwaya ta ɗinke shi. In biyu suka tsinke a lokaci ɗaya kuma suna kusa, ana iya ɗinke bakin wannan da na wancan. Dajin nan da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma likitocin yara a Najeriya sun san shi, yawanci daga musaya tsakanin kuromosom na 8 da na 14 yake tasowa: ƙwayar gadon MYC mai ingiza rabuwa ta faɗa ƙarƙashin makunni mai ƙarfi na garkuwar jiki. A 2003 ɗakin binciken Tom Misteli a Amurka ya nuna cewa ko a lafiyayyun ƙwayoyin jini na wannan nau'i, wuraren biyu sun fi zama kusa da juna fiye da yadda dace kaɗai zai kawo. Kusancin shi kaɗai ba ya haddasa cutar. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa da wani bairos mai suna EBV suna da babban kaso a irin wanda ake gani a Afirka. Abin da kusanci ke yi shi ne ya zaɓi wa zai manne da wa in tsautsayin ya faɗa.

Tunda tambayar ta shafi dabbobi masu shayarwa gaba ɗaya: adadi yana bambanta, ɓera 40, kyanwa 38, tunkiya 54, akuya da saniya 60, jaki 62, doki 64, kare 78, amma tsarin unguwa, da ajiye matsattse a bango, da kohesin da CTCF, duk sun yi tarayya a ciki. Togaciya guda da aka gano a 2009, a binciken Irina Solovei da abokan aikinta a Munik, tana cikin idon dabbobin dare. A ƙwayoyin da ke ganin haske mara ƙarfi a idon ɓera da kyanwa, tsarin a juye yake: matsattsen kuromatin ya taru a tsakiyar cibiya, sakakke ya koma gefe. Dunƙulen tsakiyar yana aiki kamar ɗan gilashin tabarau, yana tattara haske ya miƙa shi gaba maimakon ya watsa shi. Ɗan ɓera da tsarin kowa ake haifarsa, sai cikin makonnin farko waɗannan ƙwayoyi su daina ƙera furotin ɗin da ke ɗaure kuromatin a bango, ya saki ya gangaro tsakiya. Idon mutum, da yake na rana ne, bai yi wannan juyi ba.

In za ka kai wannan aji, Malam, ka sayi zaren saƙa kala 6, ka yanka kowace kala gida biyu. Ka sa yara su cukuikuye kowane yanki a tafin hannu ya zama sakakken dunƙule, su zuba duka 12 a farar roba mai murfi wadda ake ganin ciki, masu duhun kala a jikin roba, masu haske a tsakiya. Ka ɗiga tawada ta wani ɗan rami, su ƙirga dunƙule nawa ta taɓa. Sannan su warware zaren duka su cakuɗa, a sake ɗigawa a sake ƙirgawa, sun maimaita gwajin 'yan'uwan nan biyu ke nan da hannunsu. In makarantarku na da maikuroskof, a kankaro cikin kumatu da tsinken sakace mai tsabta, a shafa a gilashi, a ɗiga shuɗin rinin metilin. A ninki 400 za su ga cibiya sarai, shuɗiya a tsakiyar kowace ƙwaya. Ɗigon Barr sai da ninki 1,000 da man gilashi, kuma ko a mace ba a kowace ƙwaya yake fitowa ba. Shi wannan kada ka neme shi a samfurin ɗalibai, don akwai namiji mai XXY da ke da ɗigon, akwai mace mai X ɗaya da ba ta da shi, kuma bai kamata yaro ya fara jin irin wannan labari game da kansa a gaban 'yan ajinsu ba. Ka nuna musu shi a hoto, ka sa wanda ke da kyanwa mai ja da baƙi a gida ya ɗauko hotonta a waya ranar darasin.